Yay Woli, Mai Iyo Don Masu Ciwon Laka

Da an sallame sallar asuba a Ngor, unguwar masunta a bakin tekun Dakar, tun masu burodi ba su buɗe shago ba, za ka ga wata dattijuwa ta ɓullo daga lungun bayan masallaci, jakar raga a kafaɗa, guntun ƙarfe a hannu. Ba ta sauri. Tana tafe tana gaisawa da masuntan da ke tura kwalekwale, ta tambayi wannan jikin tsohuwarsa, ta yi wa wancan faɗan igiyar da ya bari a hanya. In ta kai kan duwatsu sai ta tsaya ta daɗe tana duban teku, sannan ta ɗaure kanta tam ta shiga. Wolimata Jop ke nan, wadda yaro da babba ke kira Yay Woli, wato Inna Woli, sai ka ce ita ta haifi unguwar gaba ɗaya.

Nutso ta gada wurin mahaifiyarta. Takan nutsa ta ɓamɓaro katantanwar teku daga jikin duwatsu, ta cika jaka, ta kai wa matan da ke gasawa a bakin gaɓa. Masu wannan sana'a suna da yawa a garinmu. Inda ta bambanta da su shi ne, ita da hantsi ya yi sai ta watsa ruwan daɗi, ta sake zane, ta hau bas. Yau unguwar Pikin, gobe Gejawai, jibi wani lungu da ko mai tasi bai san shi ba. Duk gidan da ta shiga akwai mutum kwance a ɗakin baya wanda lakarsa ta taɓu, ƙafa ba ta motsi, wani ma har hannu. Ta juya shi, ta duba bayansa da dugadugansa, ta wanke inda fata ta fara ja, ta yi wa mutanen gida tatas in ta tarar da zanen gado a jiƙe. Sannan ta ja kujera a yi hira, don ta lura yawancinsu sukan wuni ba wanda ya tambaye su komai sai "za ka sha ruwa?"

Sau ɗaya a shekara kuma, bayan damina, lokacin da teku ke da ɗumi, takan yi iyo daga gaɓar Ngor har gaɓar Yof, a tara kuɗi saboda waɗannan bayin Allah. Ta kusa shekara ashirin tana yi. Bana likita ya ce zuciyarta ta gaji, ta fito daga ruwa haka nan. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da idanunmu suka gani tun tana raye tana ji, ko da za ta ce mun cika surutu.

Abin ya samo asali ne wata Lahadi mai zafi, irin ranar da samarin cikin gari ke cika bakin teku. A cikinsu akwai wani tela daga Pikin, Biram Njay, wanda bai daɗe da aure ba. Ya ga 'ya'yan masunta suna tsalle daga kan wani dutse, shi ma ya hau. Bai san ruwa ya riga ya janye ba, bai kuma lura cewa su da ƙafa suke dira ba. Shi ya tafi da ka.

Yay Woli tana can gefe da jakarta ta hango mutum a kife bisa ruwa, abokansa na dariya suna cewa ya bar wasan haka. Ta ce abin da ya tsorata ta hannuwansa ne, yadda suke reto kamar tsumma. Ta yar da jaka ta yi kansa. Da ta birkito shi, idonsa a buɗe yake yana kallonta, ya kasa ko tari. Aka jawo shi gaɓa, aka kama hannu da ƙafa aka cusa shi a bayan tasi a naɗe, don ba wanda ya san wata dabara da ta wuce wannan. Daga baya wata nas ta gaya mata cewa mai karayar wuya a kan katako ake ɗora shi, a riƙe kansa kada ya motsa. Yay Woli ta tambaye ta, da an yi hakan zai tashi? Nas ɗin ta ce, "Allah kaɗai ya sani, Yay." Har yau ba ta sami amsar da ta fi wannan ba. Amma ku leƙa rumfar masunta a Ngor, akwai wani faffaɗan katako jingine da ba mai taɓa shi ko itacen girki ya ƙare. Ita ta ajiye shi, kuma duk wanda ya tashi a gaɓar nan ta koya masa yadda ake riƙe kai.

Aka yi ta yi mata barka ta ceci rai, ita ma ta ɗauka magana ta ƙare. Sai bayan watanni ta je Pikin ta'aziyya, ta ce bari ta biya ta ga telan nan.

Tun daga ƙofar gida wari ya tare ta. Biram na kwance kan tabarma a ƙasa, ya rame ya zama ƙashi. Matarsa Ndumbe ta ɗaga masa riga ta nuna mata bayansa: gyambo ya ci har ana hango fari a ciki. Robar fitsari guda ake wankewa ana maimaitawa. Keken ɗinkinsa kuwa an sayar tun yana asibiti.

"Biram, ga wadda ta fid da kai daga ruwa," in ji Ndumbe.

Ya juyo da ido, ya daɗe yana kallonta.

"Ke ce?"

"Ni ce, ɗana. Ya jiki?"

"Wa ya aike ki?"

Ndumbe ta ce, "Subhanallahi, Biram!"

"Ƙyale ni in tambaye ta. Na riga na daina jin komai, Yay. Saura ƙiris. Me na yi miki da kika dawo da ni nan?"

Yay Woli, wadda duk Ngor ba mai kai ta baki, ta miƙe. Ta ajiye ledar lemun da ta zo da ita, ta fita. Mijinta Ablay, masunci, ya ce kwana da kwanaki ba ta shiga ruwa ba. Sai ta je kan duwatsu ta zauna, ta dawo da jaka wayam. Da ya matsa mata da tambaya ta ce, "Aiki na fara na bar shi a rabi, ina nan ina ta karɓar barka."

Ranar da ta koma Pikin, da kwanon shinkafa da kifi ta je. Tsakanin zuri'ar Jop da ta Njay dama akwai wasa tun kaka da kakanni, to da shi ta shiga.

"Ina bawan nan nawa? Njay, an ce ka daina cin abinci. Na ce ƙarya ne, ba a taɓa yin Njay da ya ga shinkafa ya kau da kai ba."

Ta buɗe kwano, ƙamshi ya cika ɗakin. Ta zauna ta fara ci ita kaɗai, tana santi da gangan.

Can ya ce, "Dama Jop ba kunya. Kin kawo wa mara lafiya abinci kin zauna kina cinyewa."

"To buɗe baki."

Ya buɗe. Ndumbe ta fita tsakar gida ta sha kukanta.

Nas ɗin nan ta gaya wa Yay Woli gaskiya: in ba a sami katifa ta musamman da magani da keken guragu ba, gyambon ne zai kashe shi, ba wuyan ba. Ta shiga bin masu hali. Ta sha addu'a, ta sha "dawo jibi". A ƙarshe ta je wurin Alaji Gorgi Samb, mai sayar da injinan kwalekwale, ta same shi a rumfa cikin mutane ana dafa shayi. Ya saurare ta yana murmushi.

"Woli, in duk ɗan birnin da ya zo ya fasa kansa a dutse sai na saya masa katifa, ai sai in rufe shago. Wa ya ce su shiga ruwan da ba su sani ba?"

"Kai ka san shi ne? Rabonka da jiƙa ƙafa tun kana talaka."

Rumfa ta kwashe da dariya. Alaji ya ji abin, ya ƙi nunawa.

"To ke gwanar ruwa, in kin isa ki je Yof da iyo. Ki tashi daga nan ki taka yashin Yof ba ki taɓa jirgi ba, ni kuma in sayi katifa da keke."

"Kun dai ji shi," in ji ta. "Ku ne shaidu."

Ablay ya yi faɗa da ya ji. Ya san hanyar nan sarai: a bayan tsibirin da ke gaban Ngor ruwa na ja zuwa waje, akwai kuma inda igiyar ruwa ke dukan duwatsu, ko maza ba sa son ratsawa. Ya ce mata nutso daban, doguwar tafiya daban. Ta ce to tunda ya sani, sai ya nuna mata inda ruwan ke juyawa. Da ya ga ba fasawa za ta yi ba, ya daina fita kamun yamma, ya koma bin ta da kwalekwale tana gwaji.

Gari kuma ya ɗauka. Wasu suka ce matar aure da 'ya'ya ta rasa abin yi sai nuna jiki a gaban maza. Maganar ta kai har Pikin. Biram ne, daga kwance, ya sa aka sayo yadi marar nauyi, ya ce Ndumbe ta aro keken ɗinkin maƙwabta. Ita ba ta taɓa ɗinki ba. Yana kwance yana cewa, "Ba nan ba, sama kaɗan. Ki bar wa kafaɗa wuri, iyo za ta yi, ba biki za ta ba." Suka ɓata yadi, suka yi faɗa, suka sake. A ƙarshe suka fitar da riga mai dogon hannu, da wando har idon sawu, da hula mai ɗaurewa a haɓa. Da Yay Woli ta saka ta ce ta koma buhun gawayi. Biram ya ce ai dama buhun ya auna. Ndumbe ta ce ranar ta fara jin dariyarsa tun bayan faɗuwar.

Ranar iyon, masu kallo sun fi masu addu'a yawa. Ta yi bisimilla ta shiga, Ablay na gefe da jirgi. Waɗanda ke cikin jirgin sun ce har bayan tsibiri lafiya lau take tafiya. Daga nan ruwa ya fara janta waje, tana ta bugu kamar ba ta gaba. Gishiri ya kumbura mata harshe, riga ta goge mata hammata har jini. Ablay ya miƙa mata filafili ya ce ta kama, ba mai ganin laifinta. Ta ce ya janye abinsa kafin ta karya. Amma ta ji ɗaya shawarar tasa: ta daina faɗa da ruwan, ta bari ya ɗauke ta zuwa inda yake juyawa, sannan ta yanko gaɓa. Rana ta take tsaka lokacin da ƙafarta ta taɓa yashin Yof. Ta kasa miƙewa, da rarrafe ta fito. Matan Yof suka rufe ta da zannuwa suna guɗa, wata a cikinsu ta juye ƙwaryar kifinta ta shiga zagaya mutane da ita. Alaji Gorgi, a faɗi gaskiya, ya cika alkawari, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa fashin shekara ba. Abin da ya taru a ƙwarya kuwa ya kai ga wasu gidajen da nas ɗin ta sani. Kuɗin bai taɓa kwana a hannun Yay Woli ba. Liman da nas ke sayayya, ita nata kai kaya da juya mutum.

Yay Woli, ke ce kika sa muka san cewa a bayan ƙofofin da muke wucewa kullum akwai mutane kwance. Magini da ya faɗo daga bene, ɗan babur da mota ta kwashe, uwar 'ya'ya da bango ya rufta wa. Mun san ranar da suka faɗi, mun je asibiti mun yi jaje, daga nan harkokinmu suka ɗauke mu. Ke ce kika koma bayan kowa ya watse.

Ba kowace shekara aka yi guɗa ba. Akwai shekarar da ƙafarta ta ɗaure a tsakiyar hanya, Ablay ya ciccibo ta cikin jirgi tana zaginsa. Da mutanen gaɓa suka ga jirgi ya iso da ita a zaune, da yawa suka juya suka tafi, ƙwarya ta dawo shafal. A lokacin akwai wani magini, Sajo, mutumin Kasamas, can kudu, da ba shi da kowa a Dakar sai abokan aiki, wanda ta yi wa alkawarin katifa. Kafin a haɗa kuɗin ta wata hanya, zazzaɓin gyambo ya ɗauke shi. Ita ta tsaya aka yi masa sutura. Da maza suka dawo daga maƙabarta ta dube su, ba tare da ɗaga murya ba ta ce:

"Ni abin da na kasa ganewa, gyambon Sajo ya san na kai Yof ko ban kai ba? Ciwon yana nan ko na yi iyo ko ban yi ba. Sai kun ga tsohuwa na shan gishiri sannan hannunku zai shiga aljihu?"

Tambayar tana nan a kanmu har yau. Ta san sarai cewa rabin masu zuwa kallo ke kawo su, abin kuma ba ya mata daɗi. Duk da haka da shekara ta zagayo ta sake ɗaure hula. Ta ce in kallo ne kuɗin katifa, za ta ba su kallo.

Ita ce kuma ta fara kai su ruwa. Da safe in teku ta kwanta, a wurin da tsibiri ya tare igiya, za ka ga an turo kekuna har bakin yashi, masunta sun ɗauki mutum a hankali sun sa shi a ruwa, Yay Woli ta tallafe masa ƙeya. Wanda ya shekara bayansa bai rabu da katifa ba, sai ga shi yana reto ba nauyi. Wasu kuka suke yi. Biram dai ya ce shi da teku har abada, ba ta kuma matsa masa ba. Shago ya riƙe. Yau Ndumbe na da kekunan ɗinki da masu koyo, shi kuma yana zaune a kekensa a bakin ƙofa, yana awo da ido yana yanka da baki, yana faɗa da masu kawo ɗinkin salla a makare. A cikin waɗanda suka shiga ruwan akwai Kodu Fay, wadda motar bas ta kife da ita a hanyar jami'a. Ƙafafunta ba sa motsi, amma hannuwanta lafiya lau. Tun tana shaƙe wuyan Yay Woli tana ihu, har ta kai tana zuwa tsibiri ta dawo da hannu kawai.

Bana, damina na shirin ɗaukewa, Yay Woli ta yanke jiki ta faɗi a tashar bas. Likita ya ce zuciya ce. Ya ce tafiya a hankali ba laifi, amma nutso da dogon iyo sun ƙare. Ta ce masa ta ji. Suna fitowa ta ce wa Ablay likitan yaro ne, kuma ba a bakin teku aka haife shi ba. Tsoronta a fili yake. Mutanen da suka juya baya shekarar da ta gaza, me zai kawo su in ba ta shiga ba sam? Ga gidaje da yawa da robar fitsarinsu da maganin gyambonsu na shekara suka rataya a kan wannan rana guda.

Ablay ya ce shi ba zai tuƙa jirgi ya raka matarsa kabari ba. Ta ce za ta nemi wani. Ta zagaye gaɓa, ba masuncin da ya yarda. Tana zaune a tsakar gida ta cika ta yi fam, sai ga Kodu an turo ta.

"Yay, ni zan yi."

"Ke? Da wace ƙafar?"

"Da hannun da kika koya wa. Kuma ba duka ba. Matan nutso sun ce za su ɗauki farko, samarin jirage su ratsa bayan tsibiri, ni a sa ni in an hango Yof."

"In ruwa ya ja ki fa? In sanyi ya kama ƙafafun nan ba ki ji ba?"

"Shi ya sa za ki zauna a jirgi ki sa mini ido. Likita ai bai hana ki faɗa ba."

Haka kuwa aka yi. Ta zauna a goshin jirgi da babban zane, tun daga Ngor take yi wa masu iyo tsawa. "Ɗaga hannu mana! Kai wa ya koya maka, akuya?" Amma da aka sauke Kodu cikin ruwa sai ta damƙe bakin jirgi, leɓunanta na motsi. Kodu na jan ruwa da hannu, ƙafafunta na bin ta a baya. Wata igiya ta taso ta rufe ta ruf. Yay Woli ta miƙe za ta faɗa, Ablay ya riƙe mata zane da hannu biyu. Can sai ga kan Kodu ya ɓullo, ta tofar da ruwa, ta ci gaba.

A gaɓar Yof an shimfiɗa katakai bisa yashi, an jera masu kekuna a sahun gaba, duk wanda jikinsa zai iya ɗaukar tafiya an kawo shi. Ba wanda ya juya ya tafi. Da Kodu ta iso inda ruwa ya ƙare, masunta suka ɗauko ta a kafaɗa, guɗa ta tashi, ƙwarya ɗaya ta kasa. Yay Woli ta sauko daga jirgi ta ratsa mutane. Kafin ta ce wa yarinyar sannu sai da ta durƙusa ta duba ƙafafunta, ko dutse ya yanke ta ba ta ji ba.

A hanyar komawa Ablay ya tambaye ta ko hankalinta ya kwanta.

"Ya kwanta. Amma na ji haushi."

"Haushin me kuma?"

"Ashe ko ba ni ana iyawa. Duk shekarun nan kuka zuba mini ido ina shan gishiri ni kaɗai."

Gaskiyarki, Yay Woli, 'yar nutso, uwar waɗanda aka bari a ɗakin baya. Mun gode. Mun gode da kafaɗar da kika ƙarar a kanmu, da faɗan da kika yi mana, da rayukan da ba ki tsaya a fid da su daga ruwa kawai ba. Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya ƙara wa zuciyar nan ƙarfi, ya saka wa Ablay da ya yi shekaru yana tuƙi da fargaba.

Mu kuma da muka rage, ba kowa zai iya zuwa Yof da iyo ba, ba kuma kowa aka ce ya je ba. Amma da wuya a sami layin da babu wani kwance a ciki, da wata mace da bayanta ya ƙage wajen ɗaga shi. Mu ƙwanƙwasa ƙofar. Mu ba da abin da za mu bayar tun ba a kira mu kallo ba.

Da aka gaya mata za a rubuta wannan, ta taɓe baki.

"Rubutu na juya mutum ne? In masu karantawar da gaske suke, akwai wani sabon kwanciya a Gejawai, ɗan kokawa ne, ƙato, ni da uwarsa ba ma iya ɗaga shi. A ce su zo ranar Talata da safe. Kuma su ci abinci kafin su zo."

To, an faɗa. Talata ce, da safe.